Ƙullutun nono da tsiron tonsil: yadda ake aika tsoka gwaji da yadda ake karanta sakamakon

Abin da yatsun likita za su iya gaya masa game da ƙullutun da ke cikin nono kaɗan ne: girmansa, taurinsa, ko yana zamewa ko ya kafe wuri guda. Haka wanda ya haska maƙogwaro da tocila ya ga tonsil (tsokar da ke dama da hagu a ƙofar maƙogwaro) ɗin dama ya ɗara na hagu, iyakarsa zato. Sunan ciwo yana fitowa ne bayan an ɗebi tsoka, an yanka ta siririya, an rina, an duba a madubin likita. Kuma da yawa daga cikin sakamakon da ke fitowa a gurguje, tun a ɗakin tiyata aka lalata su, cikin awa ɗaya ta farko bayan an ciro tsokar. Shi ya sa za mu fi daɗewa a kan wannan awa.

Kafin a taɓa ƙullutun nono

Ƙa'idar ita ce a haɗa shaidu uku: dubawa da hannu, hoto, da ɗibar tsoka. Ga mace mai ƙasa da shekara 35 zuwa 40, gwargwadon tsarin asibiti, sikanin ake fara yi, domin nonon matashiya cike yake da tsoka mai kauri da ke rufe wa hoton mamogiram, wato hoton X-ray na nono, ido. Wadda ta haura haka ana yi mata mamogiram, sau da yawa a haɗa da sikanin. A ɗauki hoto kafin a soka allura, saboda jinin da ke taruwa bayan suka yana rikita hoton.

Allura iri biyu ce. Akwai siririya, mai lamba 21 zuwa 25, wadda ke zuƙo ƙwayoyin halitta a warwatse a shafa su a kan gilashi. Tana da sauri, tana da amfani wajen jakar ruwa da kaluluwar hammata, amma ba ta nuna yadda ƙwayoyin suke jere a mazauninsu, don haka ba ta iya bambanta sankarar da ke tsare cikin bututun nono da wadda ta fasa ta fita. In za a yi ta, a shafa gilashi aƙalla biyu: ɗaya a bar shi ya bushe da iska, ɗaya a tsoma shi nan take cikin alkohol mai kashi 95. Jinkirin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya busar da na biyun, ƙwayoyin su kumbura su dusashe.

Ta biyu ita ce mai kauri, lamba 14, wadda ke yanko ɗan sili na tsoka mai tsawon santimita ɗaya zuwa biyu. Ita muka fi so ga duk ƙullutu mai tauri. Ana yin allurar kashe zafi, a ɗan tsaga fata, a ɗebo sili uku ko huɗu ana kallon bakin allurar a sikanin. Ku dubi silin da zarar ya faɗa kwalba: fari mai tauri da ya nutse ƙasa galibi daga cikin ƙullutun ya fito, rawaya mai laushi da ke yawo a sama kuwa kitse ne, alamar allura ta kauce. In duka suna yawo, a sake ɗiba tun mara lafiya tana kan gado.

Kada a fara da cire ƙullutu gaba ɗaya don a ga mene ne, in dai akwai halin yin allura. Wanda ya yanka bai san abin da yake yankawa ba yakan bar gefen sankara a ciki, sai an koma tiyata ta biyu, kuma an rasa damar ba da magani don rage ƙarin kafin fiɗa.

Fomalin, kwalba da agogo

Daga lokacin da tsoka ta rabu da jini take fara ruɓewa daga ciki. Abin da ke tsayar da wannan shi ne fomalin mai kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa da sinadarin fosfet. Fomalin mai ƙarfi da ke zuwa daga kamfani yana ɗauke da fomaldihaid kashi 37 zuwa 40. Kashi ɗaya nasa ake haɗawa da kashi tara na ruwa. In aka zuba shi yadda yake ba a sirka ba, saman tsokar ya ƙone ya yi tauri, cikinta ya zauna ɗanye. Ruwan gishirin ƙarin ruwa, sifirit ko ruwan famfo ba sa maye gurbinsa. Firiza ma haramun ce ga tsokar da za a duba a madubi, domin ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin, a ga ramuka fal a gilashi.

Lambobi uku za a riƙe. Tsoka ta shiga fomalin cikin ƙasa da awa ɗaya bayan an ciro ta. Yawan fomalin ya ninka girman tsokar aƙalla sau goma. Sannan tsokar nono ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Ƙasa da haka ba ta kamu ba, sama da haka kuma gwajin ER, PR da HER2, wato rinin da ke nuna irin maganin da sankarar nono za ta ji, na iya raunana. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: mace tana iya samun sakamakon da ya ce sankararta ba ta jin maganin homon, a hana ta tamoksifen, ɗaya daga cikin irin wannan magani, alhali tsokarta ce ta kwana a kwano ba fomalin.

Fomalin yana ratsa tsoka a hankali, kamar milimita ɗaya a awa, kuma yana ƙara nawa yayin da yake nutsawa. Nonon da aka cire gaba ɗaya aka jefa cikin bokiti a dunƙule, kafin fomalin ya kai tsakiya ƙarin ya narke. Gyaran shi ne a shafa tawadar gwaji a gefen da aka yanka don a gane shi a madubi, a juya shi, a tsattsaga daga baya kamar shafukan littafi, tazarar kusan santimita ɗaya, a bar fata ta riƙe su, a cusa bandeji tsakanin yankan don ruwa ya shiga. Likitan binciken tsoka ne ya kamata ya yi wannan. Inda ɗakin gwaji yake da nisa, likitan fiɗa ya yi shawara da shi a kan yadda zai tsaga.

Kafin ƙullutu ya bar hannun likitan fiɗa, a ɗaura masa zare don a san samansa da gefensa. Abin da aka fi sabawa da shi: gajeren zare a sama, dogo a ɓangaren hammata, kuma a rubuta haka a takarda. Ba tare da wannan ba, in aka tarar sankara ta taɓa gefe ɗaya, ba wanda zai san wane gefe za a koma a ƙara yankewa.

Kwalba ta zama mai faɗin baki. Tsoka tana shiga da laushi, ta taurare a ciki, sai an fasa kwalbar kafin a fitar da ita. A rubuta suna, lamba da ɓangare a jikin kwalbar, domin murfi yana musanyuwa. Kada a raba tsoka biyu a aika ɗakunan gwaji biyu. Ciwon na iya kasancewa a rabi ɗaya kawai, a samu sakamako biyu masu karo da juna.

Takardar da ke rakiyar kwalba ta faɗi shekaru, dama ko hagu, wurin ƙullutun, tsawon lokacinsa, abin da hoto ya nuna, maganin da aka riga aka sha, da lokacin da aka ciro tsoka da lokacin da ta shiga fomalin. A ambaci ciki ko shayarwa, domin ƙwayoyin nonon mai shayarwa suna girma su yi kama da na sankara, musamman a siririyar allura.

A ɗakin gwaji ana tsotse ruwan tsokar da alkohol, a wanke da sinadarin zailin, a dasa ta cikin kaki, a yanka da kauri maikiron 3 zuwa 4 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), a rina da launi biyu: shuɗi yana kama cibiyar ƙwaya, ruwan hoda yana kama sauran jiki. Wannan yakan ɗauki kwanaki kaɗan, gwaje-gwajen ƙari kuma su ƙara wasu.

Abin da rahoton nono yake cewa

Wasu ɗakunan gwaji suna bin tsarin Birtaniya na B1 zuwa B5. B1 na nufin tsokar nono ce lafiyayya ko wadda ba ta isa a yanke hukunci ba. B2 ciwo ne mara illa. B3 abu ne da ba a tabbatar da halinsa ba sai an ɗebi ƙari. B4 ana zargin sankara, B5 sankara ce. B1 shi ne ya fi yaudarar mutane. In hannu ya ji ƙullutu, hoto ya nuna shi, rahoto ya ce tsoka lafiyayya, galibi ma'anarsa allura ba ta same shi ba, a sake.

Ƙullutun da ya fi yawa a 'yan mata da matasan mata shi ne faibro'adinoma: santsi, zagaye, yana sulɓewa ƙarƙashin yatsa. In shaidu uku sun yarda a kansa kuma ƙarami ne, ana iya barinsa ana bibiya. In yana girma da sauri ko ya kai santimita uku zuwa huɗu, a cire, saboda yana da ɗan'uwa mai kama da shi da ake kira filodis, wanda ɗan sili ba koyaushe yake iya bambanta su ba. Filodis kashi uku ne: mara illa, na tsaka-tsaki, da mugu, kuma ana raba su ta duba yawan ƙwayoyin da ke rabuwa, cunkosonsu, da yadda gefen ƙarin yake. Yana dawowa in aka ɓare shi kamar faibro'adinoma ba a haɗa da lafiyayyar tsoka a kewaye ba. Mugun cikinsu ta jini yake yaɗuwa, galibi zuwa huhu, shi ya sa ba a cika taɓa kaluluwar hammata saboda shi ba.

Jakar ruwa da sauye-sauyen da ke zuwa da al'ada ba su da illa. In aka zuƙe ruwan ƙullutun ya ɓace, magana ta ƙare, sai dai in ruwan da jini ko wani tauri ya rage. Fafiloma ɗan tsiro ne a cikin bututu, shi ke yawan jawo ɗigar jini daga kan nono ɗaya, kuma yakan faɗa B3. Mataccen kitse bayan bugu ko tiyata yana tauri ya janye fata har ya ruɗi ƙwararre, madubi ne ke wanke shi.

Kalmar giranuloma, wato curin ƙwayoyin garkuwa da suka taru wuri guda, tana buƙatar natsuwa. Tana iya zama tarin fuka na nono, tana iya zama kumburin da ba a san sanadinsa ba, wanda wani lokaci ake bai wa sitiroyid, maganin rage kumburi mai danne garkuwar jiki. Ba da sitiroyid ga mai tarin fuka ƙara wa wuta mai ne, don haka a nemi rinin gano ƙwayar tarin fuka, a kuma aika ɗanyar tsoka ko mugunya gwajin ƙwayar cuta kafin a fara. Haka nonon da ya yi ja ya kumbura, fatarsa ta yi ɗigo-ɗigo kamar ɓawon lemo: in an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mako ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, musamman ga wadda ba ta shayarwa, a ɗebi tsoka har da fata. Akwai sankarar da ke zuwa da rigar maruru.

In rahoto ya ce sankara, a karanta shi layi-layi. Na farko, tana cikin bututu ne kawai, wato DCIS, ko ta fasa ta shiga tsokar kewaye? Na biyu, wane iri: mafi yawa nau'in gama-gari ne na bututu, sai na lobula, wato ƙananan jakunkunan da ke samar da ruwan nono, wanda ke kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ƙwayoyinsa suna tafiya a layi ɗaya-ɗaya, shi ya sa yakan fi yadda hoto ya nuna girma. Na uku, daraja ta tsarin Notingham: ana ba da maki 1 zuwa 3 ga abu uku, wato yadda ƙarin ke yin bututu, munin cibiyar ƙwayoyi, da yawan rabuwarsu. Jimla 3 zuwa 5 daraja ta ɗaya ce, 6 zuwa 7 ta biyu, 8 zuwa 9 ta uku. Daraja tana faɗin zafin halin sankara; mataki kuwa nisan da ta yi yake faɗi, kuma iyalai suna yawan rikita su. Mataki yana duba girma, inda T1 bai wuce santimita 2 ba, T2 ya haura 2 zuwa 5, T3 ya wuce 5, sannan yawan kaluluwar hammata da ta kamu, da ko ta kai wasu gaɓoɓi.

Sai gefe. Ga sankarar da ta fasa bututu, abin nema shi ne kada tawada ta taɓa ƙari. Ga DCIS zalla ana son tazarar milimita 2. Daga nan ER da PR, masu nuna ko sankarar tana jin maganin homon: in aƙalla kashi 1 cikin ɗari na ƙwayoyin sun kama rini, ana lissafa shi a matsayin mai amsawa, kodayake 1 zuwa 10 amsa ce mai rauni. HER2 ana ba shi 0, 1+, 2+ ko 3+. Na 3+ shi ke buɗe ƙofar maganin tirastuzumab, 2+ kuwa sai an ƙara gwajin ƙwayar gado kafin a yanke. In duka ukun sun fito babu, a tambayi ɗakin gwaji ko lafiyayyun ƙwayoyin nono da ke gefen ƙarin sun kama rinin ER. In su ma ba su kama ba, mai yiwuwa tsokar ce ta lalace, a maimaita a wani yanki.

Namiji ma yana da tsokar nono. Kumburi mai laushi daidai ƙarƙashin kan nono galibi girman nonon maza ne mara illa, amma mai tauri da ya karkace gefe a dattijo shaidu ukun nan yake bukata.

Tonsil

Tonsil su ne tsoka biyu da ke dama da hagu a ƙofar maƙogwaro, belu yana rataye a tsakaninsu. Tsokar garkuwar jiki ce, an lulluɓe ta da fata mai zurfafan ramuka. Sau da yawa wanda ake gani ya fi girma zamansa ne ya fi fitowa waje, in aka auna bayan cirewa sai a tarar kusan ɗaya suke. Abin da ke tayar da hankali shi ne girman gefe ɗaya da ke ƙaruwa, gyambon da ya wuce mako uku, tauri in an taɓa, ciwon kunne a wannan gefen alhali kunnen lafiya lau, kaluluwa a wuya, wahalar buɗe baki, rama, ko zufar dare. Shan taba da giya suna ƙara nauyin zargi, amma rashinsu ba ya kore shi.

A nan cire tonsil ɗin gaba ɗaya ya fi tsinke ɗan yanki daga sama, sai dai in gyambo ne a fili. Dalili kuwa sankarar da ƙwayar cutar HPV (bairos mai jawo tsiro a fata) ke jawowa a can ƙasan ramuka take farawa, saman yana nan sumul. Na dama da na hagu kowanne da kwalbarsa. A riƙe shi a hankali: ƙwayoyin tonsil suna da taushi, hantsaki ya matse su sai su zama shafaffen shuɗi da ba a karantawa, na'urar ƙona jijiya kuma ta dafa gefen. In ana zargin limfoma, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, ko tarin fuka, a kira ɗakin gwaji tun kafin tiyata, a aika tsokar ɗanya cikin bandeji mai danshin ruwan gishiri, ta isa cikin awa ɗaya, su raba da kansu. Fomalin yana kashe ƙwayoyin da ake so a shuka ko a tantance da rai. Kuma a guji ba da sitiroyid na kwanaki kafin ɗibar tsoka, domin yana narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, rahoto ya fito ba komai, ciwo ya dawo.

Mafi yawan sakamako kumburin garkuwa ne na yau da kullum. Ana yawan ganin curin ƙwayar aktinomaisis a cikin ramuka. Zaune take kawai, ba ta bukatar magani in ba ta kutsa cikin tsoka ba. Fararen duwatsu masu wari tarkace ne da suka daskare.

Sai tsiron da ba a cika gani ba, waɗanda sunayensu ke firgita mai karatu fiye da halinsu. Fafiloma ta fata tsiro ne fari mai yatsu-yatsu, galibi daga HPV na 6 da 11, cirewa ta wadatar. Akwai tsiro mai santsi da ke reto a kan siririn wuya, cikinsa hanyoyin ruwan limfa ne da suka buɗe, da kitse da tsokar garkuwa; yana sa mutum jin kamar abu ya maƙale masa, ba ya yaɗuwa, kuma ba ya yawan dawowa bayan an cire. Wani lokaci wuƙar ɗakin gwaji tana cin karo da guringuntsi ko ƙashi a cikin tonsil. Sunansa koristoma, wato lafiyayyar tsoka a wurin da ba nata ba, kuma ba a ƙara yin komai a kai. Jakar da ta cika da farin tarkace saboda toshewar rami ita ma haka.

Mugayen biyu ne. Limfoma a tonsil galibi ta manyan ƙwayoyin garkuwa nau'in B ce, ana tabbatar da ita da rini irin su CD20 da CD3. A yara akwai ta Burkitt, wadda ke ninkuwa cikin kwanaki, kusan duk ƙwayoyinta suna kama rinin Ki-67, mai nuna ƙwayoyin da ke rabuwa, kuma ba ta jiran jinkiri. A nan akwai tarko: zazzaɓin ƙwayar cutar EBV (bairos mai kumbura kaluluwa) a matashi yana sa tonsil ya yi kama da limfoma ƙwarai a madubi. Rubuta shekaru da labarin zazzaɓi da ciwon wuya na kwanan nan a takarda na iya hana a ɗora wa yaro kimo, wato maganin sankara mai ƙarfi, a banza. Wanda aka yi wa dashen gaɓa yana shan maganin danne garkuwa, ko mai HIV, dole a faɗa, saboda fassarar gilashin tana canzawa.

Ta biyu ita ce sankarar fatar tonsil. Duk wadda aka samu a yi mata rinin p16. Ana cewa ta amsa in aƙalla kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin sun kama sosai a cibiya da jiki. Wannan yana nuni ga HPV, mafi yawa na 16, kuma irin wannan sankara ta fi jin magani, har tsarin matakinta daban yake da na wadda taba ta jawo. Sau da yawa alamarta ta farko kaluluwa ce mai ruwa a gefen wuya. Babban mutum, musamman wanda ya haura 40, da ya zo da jakar ruwa a wuya, kada a ɗauka ta haihuwa ce a yanke kai tsaye. A zuƙa da allura, a duba tonsil da gindin harshe. In aka cire tonsil don neman inda ta samo asali, ɗakin gwaji ya yanka shi milimita 2 zuwa 3 ya duba dukansa, domin ƙarin na iya zama 'yan milimita kaɗan.

In rahoto, na nono ko na tonsil, ya saɓa wa abin da ido da hoto suka gani, a ɗaga waya a yi magana da wanda ya sa hannu. Yana iya ƙara yanka daga cikin kakin, ya ƙara rini, ko ya ce a sake ɗiba. Neman ra'ayi na biyu kuma ba ya bukatar sabuwar tiyata: curin kakin da tsokar ke ciki yana ajiyuwa shekaru. A karɓi curin da gilasan da kwafin rahoton farko, a tabbatar lambar da ke jikinsu ɗaya ce, a sa gilasan cikin akwatinsu don kada su fashe, a kuma nisanta curin daga rana da zafin mota, domin kakin yana narkewa a wajen digiri 56 zuwa 60 na ma'aunin Celsius, yana kuma yin laushi tun kafin ya kai haka.